Asibi ta Ƙofar Baya

Asibi ba ta san shekarar da aka haife ta ba. Abin da uwarta ta gaya mata shi ne ranar Asabar ce, ana tsakiyar haƙar doya, a wani ɗan ƙauyen Gbagyi da ke gindin dutse, ba nisa da tsohuwar Garki. Nan ta tashi, nan ta koyi saɓa kaya a kafaɗa kamar kowace mace ta garinsu, nan kuma ta auri Jonah, wani manomi mai yawan shiru, ta haifa masa 'ya mace suka sa mata Serah.

An daɗe ana raɗe-raɗin za a ɗauko gwamnati daga Ikko a kawo ta ƙasarsu. Tsofaffi dariya suke yi, suna cewa gwamnati ai ba tulu ba ce da za a saɓo a kafaɗa. Sai ga masu awo sun zo sun kakkafa turaku. Bayansu katafila. Serah na da shekara uku aka kwashe ƙauyen kaf a manyan motoci, aka sauke su a wani fili mai tsakuwa inda aka jera musu ɗakuna masu rufin kwano, ba gona, ba rafi. Jonah ya jingine garmarsa ya zama lebura mai kwaɓa siminti. A gonar uban Asibi kuwa, wani kamfanin Turawa da ya sami kwangilar hanya ya gina wa ma'aikatansa kwatas: gidaje arba'in farare tas, da shingen waya, da injin wuta da ba ya hutawa, da asibitinsu, da wani tafkin siminti mai shuɗin ruwa inda suke iyo.

Margaret ce ta samo mata aiki a can. Mutuniyar wajen Kafanchan ce, doguwa, mai kaifin baki, ta girmi Asibi da kusan shekara goma, ta kuma yi wa Turawan mishan aiki a Jos tun tana budurwa. A coci suka haɗu, wata rumfar kwano da leburori suka kafa. Ita ta koya wa Asibi 'yan kalmomin Turanci da za su fisshe ta, da yadda ake guga ba a ƙona riga ba.

Ranar farko Asibi ta miƙe ta nufi babbar ƙofa, mai furanni a gefe. Margaret ta fizgo hannunta.

"Ke Maman Serah, ina za ki? Wannan ta masu gida ce. Tamu tana baya."

Suka zagaya shingen har inda ake tara shara. Can ga wata 'yar ƙofar ƙarfe, da maigadi a kan benci. Asibi ta tsaya cak. Ta gane wurin, don ga ɗorawar nan da take tsintar kalwa a gindinta tana yarinya, ita kaɗai katafila ta bari.

"Anti Margaret, nan fa gonar babana ne."

"Na ji. Amma kada ki faɗa a ciki. Ungo katinki, rataya a wuya."

Lambarta ashirin da bakwai. Dokokin ba a rubuce suke ba, amma kowa ya san su. Baƙar fata na shiga bakwai na safe, ta fita kafin shida na yamma, a lalube mata jaka har da ɗaurin zani. Ba ta zama a kujerar gida. Kofinta da kwanonta suna ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kusa da kwanon kare. Bayan gidan da Asibi ke wankewa kullum har yana ƙyalli, ba ta da izinin shigarsa don kanta. In ta matsu sai ta nemi izini, ta fita ta ƙofar baya, ta shiga ciyawa. Asibitin kwatas kuwa ko barandarsa ba a yarda su taka ba sai in shara ta kai su.

Matar gidan, Madam Angelina, ba muguwa ba ce. Siririya ce, zafi da kaɗaici sun dame ta, wani lokaci Asibi kan same ta tana kuka a gaban taga. Takan ba Asibi tsofaffin riguna, takan tambayi lafiyar Serah. Mijinta Oga Edward injiniya ne, da asuba yake fita, da kyar ya san fuskar mai wanke masa kaya. Suna da jaririya, Cynthia, mai rigimar da ta gagari uwarta. Ran nan Asibi ta gaji da kukan, ta ɗauko zani ta goya ta, ta ci gaba da shara. Madam ta fito ta yi ta faɗa, sai ta ga yarinyar ta yi barci, ta koma ciki. Tun daga ranar bayan Asibi ya zama gadon Cynthia. Kalmar farko da yarinyar ta furta ta Gbagyi ce.

Da rana, in masu gida sun kwanta hutu, masu aiki sukan taru a gindin ɗorawa su ci abin da suka ƙunso. Nan Margaret ke baje kolinta.

"Kullum rediyo na zagin Turawan Afirka ta Kudu, wai sun ware baƙi. To mu nan me ake mana? Ƙasarmu, sabon birninmu, amma fitsari sai a daji." Sai ta kawo labarin da wata Ba'amurkiya 'yar mishan ta ba ta a Jos: wai a can ƙasarsu ma baƙaƙen mata ne ke rainon 'ya'yan farare, amma a mota sai kujerar baya. Da abin ya ishe su suka daina hawa motar, suka riƙa takawa da ƙafa zuwa aiki, fiye da shekara, har aka canza doka.

Wani tsohon kuku, Baba Zacharias, ya ce, "Su suna da motar da za su ƙi hawa. Mu da ma a ƙafa muke." Aka yi dariya, kowa ya koma bakin aikinsa.

A shekara ta biyu Asibi ta sami ciki. Ta ɓoye shi cikin manyan rigunan Madam har ya ƙi ɓoyuwa, don ta san mai ciki ba ta daɗewa a kwatas. Madam ta bar ta saboda Cynthia. Ciki na wata takwas, wata Talata da hantsi, tukunyar gas ta ƙare ana cikin girki. Asibi ta je ta saɓo sabuwa daga sito kamar yadda ta saba. Tana sauke ta ta ji wani abu ya tsinke a mararta. Ta duba ƙasa, jini ne yake bin ƙafarta har ya kai tayil.

Ihun Madam ne ya fito da Margaret daga gidan maƙwabta. Su biyu suka riƙe Asibi suka nufi asibitin kwatas. Taku tamanin ne tsakani. Asibi ta sha ƙirgawa in ta je shara. Likita ya fito baranda, ya dube ta, ya dubi jinin, fuskarsa ta canza. Suka yi ta magana da Madam cikin harshensu. Sannan ya juyo ga Margaret da Turanci.

"Anti, me ya ce?" in ji Asibi.

Margaret ta ce, "Ya ce asibitin na waɗanda suka zo daga Turai ne. In ya taɓa ki wani abu ya faru, kamfani ba zai tsaya masa ba. Wai a kai ki Suleja."

"Motar asibiti fa? Ga ta can."

"Na tambaya. Ya ce in ta tafi, wani nasu ya faɗi a wurin aiki fa?"

Likitan ya shiga ya fito da ƙunshin auduga ya miƙa wa Margaret, bai yarda sun haɗa ido ba. Motar gidan tana wurin Oga Edward. Madam ta ƙwanƙwasa ƙofa biyu, gida ɗaya ba kowa, ɗayan matar ta ce ba ta san hanya ba. Baba Zacharias ne ya tuna da tifar da ke kwasar shara a ƙofar baya. Tifa ba ta da izinin shigowa, don haka a baron mai ban ruwan furanni aka ɗora Asibi, Madam ta shimfiɗa mata tawul biyu, aka tura ta har waje. Madam ta tsaya a bakin ƙofar ƙarfe da Cynthia a hannu. Daga nan ba ta ƙara taku ba.

Direban tifar, Kure, mutumin Keffi ne, bai taɓa ganin Asibi ba. Ya dube ta sau ɗaya ya ce, "Innalillahi! Ku sa ta gaba." Ya bar sharar a nan ya ja mota.

Hanyar a lokacin rabi kwalta rabi rami. Kowane rami Asibi sai ta ji kamar ana yanka ta. Margaret na rungume da ita tana rera waƙar coci a kunnenta, Kure na ta "Sannu baiwar Allah, saura kaɗan," alhali da saura. A Zuba abin ya zo. Kure ya taka birki a gaban matan da ke sayar da lemo a bakin hanya, ya yi tsalle ya sauka yana kiran taimako. Wata dattijuwa da ake kira Hajjo ta ture farantinta, ta tara 'yan'uwanta, suka sauko da Asibi suka kewaye ta da zannuwa. A nan, a kan buhun lemo, ta haifi ɗa namiji. Ya yi ɗan kuka kamar na mage. Hajjo ta yanke cibiya da sabuwar reza, ta naɗe shi a mayafinta.

"Maza ku wuce, 'yar nan jini bai tsaya ba."

Kafin su ga gidajen farko na Suleja, Margaret ta ji ƙunshin da ke cinyarta ya daina motsi. Ba ta faɗa ba. Ta ci gaba da waƙa har ƙofar asibiti.

A asibiti aka ce sai an ƙara mata jini. Na Margaret bai dace ba. Kure ya naɗe hannun riga ya miƙa nasa, aka ɗiba, ya sha lemon da Hajjo ta jefa masa a mota, ya koma ya kwashe shararsa. An ceto Asibi, amma likita ya gaya mata ta gama haihuwa. Jonah ne ya karɓo gawar jaririn. Shi kaɗai ya haƙa ramin a bayan ɗakunan kwano, ya ƙi yarda kowa ya taya shi. Ƙasar tsakuwa ce, ya fara da azahar bai gama ba sai da rana ta yi ja. Da ma shi mai shiru ne. Daga nan sai ya zama kamar bango.

Bayan mako uku Asibi ta koma aiki, don tukunya ba ta san makoki ba. Madam na ganinta ta fashe da kuka, ta kama hannunta da hannu biyu tana ba ta haƙuri. Shekara biyu suna gida ɗaya, wannan ne karo na farko da ta riƙe hannunta haka. Asibi ta ji zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ta shiga sito ɗauko tsintsiya, tana fitowa ta hangi Madam a wurin wanke-wanke tana cuɗa hannuwanta da sabulu, hawaye na zuba har yanzu. Ba da mugunta ba ne, Asibi ta san haka. Ta ma fi zaton Madam ba ta san tana yi ba. Wannan ne ya fi mata ciwo.

Ran Lahadi bayan coci Margaret ta tara masu aikin kwatas. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce, "Yaron nan a cinyata ya mutu. Gobe ba mai shiga."

Litinin da safe mutum talatin da ɗaya suka zauna a gindin ɗorawa, kuku da masu wanki da masu raino, katunansu a wuya. Abu uku suka nema: a duba su a asibiti in ta ɓaci, a gina musu bayan gida, a daina laluben jikin mata. Suna hango Turawa ta cikin waya, wata na shanya kaya a karkace, wani ya fito da kwandon shara bai san inda ake zubarwa ba. Rana ta farko har raha aka yi. Ta biyu wani jami'in kamfani, baƙi ɗan'uwansu mai lakatayi ɗaure a wuya, ya fito ya ce su yi wa kansu faɗa. Ta uku shiru.

Rana ta huɗu wata babbar mota ta tsaya a ƙofar baya, cike da 'yan mata da aka kwaso daga Ikko, kowace da ƙunshin kayanta. Jami'in ya fito da takarda. Kamfani ya ji kukansu, in ji shi: za a ajiye kwantena a wajen shinge, malamin asibiti zai riƙa zuwa Talata da Jumma'a, za a kuma haƙa masai. Lalube kuwa yana nan. Sannan ya karanta lambobi bakwai ya ce su ajiye kati. Ta Margaret ce ta farko. Sauran, duk wanda bai shiga kafin ƙarfe tara ba, ga masu jiran gurbinsa a mota.

Mutane suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye. Asibi ba ta motsa ba. Jami'in ya zo kanta.

"Ke ce ashirin da bakwai? Madam ɗinki ta yi magana a kanki musamman. Yarinyar kwana uku ba ta ci abinci ba."

Asibi ta dubi Margaret. "Anti, saboda ni aka kore ki. Yaya zan shiga?"

"Ba saboda ke ba, saboda bakina ne, da ma sun daɗe suna haƙona. Jonah aikinsa yau akwai gobe babu. Serah za ta ci ƙasa ne? Tashi ki shiga."

"Ba zan iya ba."

"Na ce ki tashi!" Margaret ta daka mata tsawa, sannan ta juya mata baya don kada ta ga fuskarta.

Asibi ta shiga. Cynthia ta rugo ta ƙanƙame ƙafarta. Asibi ta dafa mata ƙwai, ta ba ta a baki, yarinyar ta cinye tas. Margaret kuwa ba gidan Bature da ya ƙara ɗaukarta, don sunanta ya zagaya. Ta koma Kafanchan wurin ɗan'uwanta. Sau ɗaya ta aiko da gaisuwa ta bakin wani direba, daga nan labarinta ya yanke.

Shekara bakwai Asibi ta ƙara yi a gidan. A cikinsu Jonah ya rasu, tarin siminti ya ci ƙirjinsa; malamin kwantena ya yi ta ba shi maganin tari mai zaƙi har ƙarshe. Da kwangila ta ƙare Turawa suka tattara. Ranar tafiya sai da Oga Edward ya ɓamɓare yatsun Cynthia daga zanin Asibi. Yarinyar tana kiranta da Gbagyi har mota ta fita ta babbar ƙofa. Asibi ta koma ta share gidan da babu kowa, ta miƙa mabuɗi.

Ƙarshen shekarar 1991 gwamnati ta iso da gaske. Motoci suka yi ta kwararowa daga Ikko ɗauke da kujeru da akwatunan takardu, Garki ta cika maƙil da ma'aikata. Aka raba gidajen kwatas ga manyan jami'ai. Gidan da Asibi ta sani ya faɗa hannun wani darakta, Oga Timothy, da matarsa Madam Vivian, 'yar wajen Binuwai da ta tashi a Kaduna, Hausa a bakinta kamar ruwa. Da maigadi ya gaya musu akwai wadda ta san gidan ciki da waje, suka aika a kira ta. Har ɗaki suka ba ta a boskwata, ɗakunan masu aiki da ke baya, ita da Serah.

Asibi ta yi murna irin wadda ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce wa Serah, "Yanzu namu ne a gidan. Fata ɗaya, coci ɗaya."

Mako na farko, tana cikin goge falo jiri ya ɗebe ta, ta ɗan ɗosana a bakin kujera. Madam Vivian ta shigo.

"Asibi! Lokacin Turawa haka kike zama musu a kujera?"

Asibi ta miƙe. Ta girmi matar nan da shekaru, amma ko "Mama" ba ta samu ba. "A'a, Madam."

"To ni kika raina ke nan, don ni baƙa ce? Duk yadda kike musu, haka za ki yi min. Ba ragi."

Haka kuwa aka yi, ba ragi, sai ma ƙari. Da can shida na yi ta tafi gida. Yanzu da take boskwata, ba lokacin tashi. In baƙi suka zo, Madam takan yi alfahari da ita: "Turawa ne suka horar da ita, ba za ku ce Bagwariya ba ce." Baƙin su yi dariya, Asibi na tsaye da faranti. Ran Lahadi su tafi coci ɗaya, Madam a mota, ita a ƙafa, don kujerar baya ta yara ce. A coci su sha daga kofi ɗaya a gaban fasto, su dawo gida kowa ya koma matsayinsa.

Wata rana Madam ta ce Serah ta girma, wata ƙawarta a Area 11 na neman mai aiki. A nan ne kaɗai Asibi ta taɓa ɗaga ido ta ce mata a'a.

"Madam, ni na yi. Ita ba za ta yi ba."

Ta kai Serah wurin wata tela ta koyi ɗinki. Madam ba ta manta da wannan a'ar ba. Da gwiwoyin Asibi suka fara kumbura, durƙuso ya gagare ta, sai aka ce mata ƙanin Oga zai zo daga gida, ana bukatar ɗakin. Mako biyu aka ba ta.

Dutse Alhaji suka koma, ɗaki ɗaya a wani gidan haya mai mutum kusan talatin da rijiya ɗaya. Serah ta kafa kekenta a baranda, daga baya ta auri wani makanike, Michael, ta haifi 'ya'ya uku. Asibi ta sami rabin ganga ta riƙa gasa doya a bakin hanyar Bwari, tana sayarwa da manja da barkono. Doyar ma saye take, daga hannun 'yan kasuwa. 'Yan acaba da kwandastoci suka san ta da Mama Doya. Kaɗan ne suka san ta iya gasa burodin Turawa da jera cokula kala huɗu a tebur, ita kuma ba ta faɗa.

Daminar da ta cika shekara tara a Dutse, hawan jini ya kayar da ita a gaban gangarta. Ɓarin jikinta ɗaya ya mutu. Ta yi wata biyar a kwance, kuma wani abu ya faru da harshenta: Hausa ta gudu, 'yan Turancin ma suka gudu, ba abin da ya rage sai Gbagyi. Jikokinta ba sa ji. Sukan tsaya a bakin katifa tana ta yi musu magana, doguwa, har da dariya wani lokaci, su dubi juna su fita wasa. Serah na ji kaɗan-kaɗan, amma tana kan keke tun safe, don ɗinkin Kirsimeti ya taso.

Ta rasu wata Alhamis da rana, saura kwana tara Kirsimeti. Aka binne ta washegari a maƙabartar coci. Michael ya rufe garejinsa rabin yini, 'yan acaba shida suka raka gawar. Ran Asabar wata maƙwabciya ta zo ta tambayi Serah ko za ta bar mata gangar gashin, Serah ta ce ta ɗauka.